Yadda Ake Ɗora Garmid a Rufi, Daga Awon Gangara Zuwa Gwajin Ruwa

A Jidda da Makka da Riyad, yawancin masu gida ado suka ɗauki garmid: jan rufin nan na gasasshen yumɓu da ake yi wa mulhak, wato ƙarin ɗakin da ake ginawa a saman bene, ko majalisar baƙi a tsakar gida, ko rumfar mota. Da yake ana shafe watanni ba a ga ɗigon ruwa ba, ma'aikaci yana iya yin aikin ha'inci, ya karɓi kuɗinsa, har a yaba masa. Asirinsa ba ya tonuwa sai ranar da hadari ya haɗu. A ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna ruwan da ya kai milimita 179 a Jidda cikin awa shida, kuma irin wannan ruwa da iska yake zuwa, yana duka ta gefe, yana cusa kansa ƙarƙashin garmid. Can kudu kuwa, Abha da Baha, da kuma Ɗa'ifa, har ƙanƙara ake yi. Saboda haka ɗan'uwan da yake son koyon wannan sana'a ya fara da sanin cewa garmid shi kaɗai ba ya hana yoyo. Abu uku ne suke hanawa: gangarar da ta isa, shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashi, da daidaiton sandunan da garmid ɗin ke rataye a kai.

Kafin a taɓa ƙarfe

Je ka ga wurin da idonka. Dubi bangon da zai ɗauki rufin. Garmid na yumɓu samfurin Marsiliya, wanda ya fi yawa a kasuwa, ƙwaya ɗaya tana kai kilo 3, kuma kusan 14 zuwa 15 ne ke rufe murabba'in mita. Wato kilo 40 zuwa 45 ke nan a kowace mita, ba a haɗa da ƙarfe da katako ba. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusar da ake ɗaure ƙarfe da ita. Tana shiga, ta yi kamar ta kama, iska ta farko ta tumɓuke ta. In babu zoben kankare a saman bangon, a zuba shi tukuna, a bar shi ya yi ƙwari. In kuma a saman bene ne, kada ka huda daɓen rufin don kafa ƙafafun ƙarfe, domin azil na gidan, wato shimfiɗarsa ta hana ruwa, yana ƙarƙashin tayil ɗin, ka huda shi ka jawo wa ɗakin ƙasa yoyo. Ka kama jikin katangar saman bene ko ginshiƙi.

Tambayi mai gida ko ya ciro izinin ginin daga baladiyya, wato hukumar gari. Ku kuma yi magana a fili kan yadda za a auna aikin: da faɗin ƙasa ne, ko da faɗin gangara? Bambancin ba kaɗan ba ne, kuma rigimar kuɗi da yawa daga nan take tashi.

Gangara

Ga garmid na Marsiliya kada ka sauko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, wato kowace mita ɗaya a kwance rufin ya tashi santimita 30. Mu mun fi son 35. Mai gida zai ce maka a kwantar da shi don kada ya yi tsayi ko don a rage ƙarfe. Ka yi masa bayani cikin ladabi: Alhaji, in ya kwanta, ruwa ba ya gudu, yana tsayawa a cikin makullin garmid, inda ƙwaya ke sarƙe 'yar'uwarta, iska ta tura shi baya ya tsallake leɓen ya faɗa ciki. Ga ƙura kuma. A wannan ƙasa rairayi yana taruwa a magudanan garmid, kuma kwantaccen rufi ba ya iya wanke kansa. In ya dage sai rufin ya kwanta, to garmid na yumɓu bai dace da wurin ba, a nemi wani rufin.

Mu ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, rufi mai gangara biyu. Rabin faɗin mita 2 ne. A gangarar kashi 35, doron rufin zai tashi santimita 70 daga saman bango.

Garmid ne ke yanka ƙarfe, ba ƙarfe ke yanka garmid ba

Nan ne sababbin hannu suka fi yin kuskure: su haɗa ƙarfe gaba ɗaya, su yi walda, sannan a kawo garmid a ga layin ƙarshe bai cika ba. Sai a hau yanka garmid da sarukh, wato injin yanka mai faifai, ana zubar da makullin da masana'anta ta yi. Hanyar da ta dace ita ce a fara sayo garmid, a auna shi, sannan a yanka ƙarfe.

Ga yadda ake awon. Ɗebo ƙwaya 11 daga ɗauri daban-daban, ka kifa su a ƙasa mai laushi, ka sarƙa su a jere kamar yadda za su zauna daga ƙasa zuwa sama. Matse su iyakar matsuwa, ka auna daga haƙorin ratayar ta farko, wato ɗan tudun bayanta da ke kama sanda, zuwa na ta goma sha ɗaya. A ce ka sami santimita 340. Sai ka ja su iyakar buɗewa ba tare da makulli ya fita ba, ka sake aunawa. A ce 360. Haɗa su, 700, ka raba da 20. Ka sami 35. Wannan ita ce tazarar da za ta kasance tsakanin sandar rataya da 'yar'uwarta. Kada ka dogara da lambar da wani ya faɗa maka ko wadda ka yi aiki da ita a gidan baya. Yumɓu yana tsukewa a wuta, kuma kowane kamfani da nasa ƙirar. Na Italiya daban, na Sifen daban, na gida daban.

Yanzu tsawon haƙarƙari, wato ƙarfen da ke gangarowa daga doro zuwa bakin rufi. Sandar rataya ta can sama tana zama kusan santimita 4 ƙasa da tsinin doro. Tsakanin sandar bakin rufi da ta biyu kuwa tazarar ta fi gajarta, kusan 30, domin jelar garmid na farko ta leƙo waje da santimita 5 zuwa 7 ta zuba a indararo. Abin da ya rage dole ya rabu da 35 ba saura. Tazara shida 210 ne. Ƙara 30 da 4, ya zama 244. To haƙarƙarinka santimita 244 ne, zai ɗauki layi bakwai cif, kuma zai ba ka leɓen rufi na kusan santimita 30 a wajen bango. In ana son leɓen ya fi haka, sai a ƙara layi guda cur, 279, ba rabin layi ba.

Haka za ka yi a tsawon rufin. In kowace ƙwaya tana rufe santimita 20 a faɗi, kuma tsawon rufin da leɓensa mita 6.8 ne, layi ɗaya ƙwaya 34 ke nan. Layi bakwai a gefe biyu, 476. Ƙara kashi 5 cikin ɗari na fashewa, ya zama 500. In rufin mai gangara huɗu ne ko yana da kwari, inda gangara biyu suka haɗu ta ciki, ƙara kashi 10, domin yanka ya fi yawa. Murfin doro kusan uku ne a mita, saboda haka ka sayi 20 zuwa 22. Ka kuma sa mai gida ya ƙara ƙwaya 20 ya ajiye, don bayan shekara biyar da wuya ya sami launin da ya yi daidai da nasa.

Lokacin karɓar kaya, ƙwanƙwasa wasu da bayan guduma kamar yadda ake gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Mai lafiya tana ƙara tas. Wadda ta yi ƙarar dushe tana da tsaga ko ba ta gasu ba, a ware ta.

Ƙarfe da walda

Ga ɗaki irin wannan, tiyub, wato ƙarfe mai rami mai kusurwa huɗu, mai santimita 4 da 8, kaurin milimita 2, ya isa ga doro da manyan haƙarƙari. Tsayinsa mita 6 yake zuwa. Jera haƙarƙari kusan santimita 60 tsakani, don gaɓar allunan katako ta faɗo a kan ƙarfe. In faɗin ɗaki ya wuce mita 5 ko 6, wannan ba lissafin ido ba ne, a nemi injiniya ya ba da girman ƙarfe.

Kafa haƙarƙarin farko da na ƙarshe, ka ja igiya uku tsakaninsu: a doro, a tsakiya, a bakin rufi. Sauran duk su taɓa igiyar ba su tura ta ba. Duk wanda ya yi sama ko ƙasa da rabin santimita zai fito a fuskar garmid kamar igiyar ruwa, kuma a nan makulli zai buɗe. Duba kusurwa da awon 3 da 4 da 5, wato in ka auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zo 5, ko ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, su zo ɗaya. Gini da yawa ba a miƙe yake ba. Ka daidaita rufin, bambancin ya ɓuya a leɓe.

A cika walda, ba ɗigo-ɗigo ba. A kankare dattin walda, a toshe bakin kowane tiyub, a shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu. A Jidda da Yanbu da Dammam gishirin teku yana cikin iska, kuma ƙarfe daga wurin walda yake fara ruɓewa, daidai inda wuta ta cinye rigarsa. Wanda ya bar wannan wuri babu fenti ya san abin da ya yi.

Abin da ke ƙarƙashi

A kan haƙarƙari a shimfiɗa ablakash, wato allon filawud, mai kaurin milimita 12 ko 18, a ɗaure shi da sukurori masu huda ƙarfe. Allon santimita 122 ne da 244, saboda haka a misalinmu yana hawa daga baki zuwa doro babu yanka. Bar tazarar milimita 3 tsakanin allo da allo don ya sami wurin motsi.

Sai azil na ruwa. Nadin kwalta da aka saba da shi faɗinsa mita 1 ne, tsawonsa 10. A fara daga bakin rufi, a shimfiɗa shi a kwance, a hau sama, kowane na sama ya hau kan na ƙasa da santimita 10, inda nadi ya ƙare kuma 15. In aka juya, na ƙasa ya hau na sama, an yi wa ruwa ƙofa. A doro, a tsallakar da shi zuwa ɗaya gefen da santimita 20 ko fiye. A baki, jelarsa ta sauka cikin indararo. Hattara da wutar gas a kan katako: ablakash busasshe a zafin nan yana iya riƙe wuta a gaɓa ba a gani ba, ta tashi bayan an sauka. Mai manne kansa ya fi aminci. In dole sai da wuta, a ajiye abin kashe gobara a kusa, kuma kada a bar wurin sai an yi awa guda ana dubawa.

Kada a kwantar da sandunan rataya kai tsaye a kan azil. In aka yi haka kowace sanda ta zama madatsa, ruwan da ya kutso ya taru a bayanta, ya bi ramin sukuru ya sauka. A fara ɗora wasu siraran sanduna masu bin gangara, daidai kan kowane haƙarƙari, kaurin santimita 2 zuwa 3, a sa ɗan kwalta a ƙarƙashin kowane sukuru. Sandunan rataya su gitta a kansu. Wannan rata tana yin aiki biyu: ruwa ya wuce, iska kuma ta shiga daga baki ta fita ta doro, ta kwashe zafin da garmid ya tara. Azil na zafi, wato abin tare zafi, ko ulun dutse ko farin soso mai kaurin santimita 5, yana shiga tsakanin haƙarƙari ta ciki, kafin a rufe da silin. Ɗakin da ba a sa masa shi ba, na'urar sanyaya ɗaki za ta wuni tana aiki bai yi sanyi ba.

Tun kafin garmid ya hau, a zuba ruwa da tiyo a kan azil ɗin, wani ya tsaya a ciki yana dubawa. Gyara a wannan mataki minti goma ne.

Sandunan rataya

Tiyub mai santimita 2 da 2 ko 3 da 3 ake amfani da shi. Awon daga leɓen sama na sanda ne zuwa leɓen sama na ta gaba, domin nan haƙorin garmid ke kamawa. Yanka ɗan katako daidai tazarar ka riƙa gwadawa da shi, amma kada ka dogara gare shi kaɗai: kuskuren milimita 2 a kowane layi yana taruwa. Ka yi alama da tef daga sanda ta biyu, 35, 70, 105, 140, har sama, a gefen dama da na hagu, ka buga igiyar alli tsakaninsu.

Sandar bakin rufi ta fi sauran tudu da kusan santimita 2. Dalili shi ne kowane garmid jelarsa a kan ɗan'uwansa take zaune, ban da na layin farko. In ba a ɗaga masa ba sai ya sunkuyar da kai, layi na biyu ya bar rata. A nan kuma ake kafa raga. Duk wanda ya zauna a Makka ko Madina ya san yawan tattabarun wurin. In suka sami ƙofa za su cika ƙarƙashin rufin da sheƙa, su toshe hanyar ruwa da ta iska.

Jera garmid

A hau da kaya a rarraba shi biyar-biyar ko shida-shida a gefe biyu na rufin, kada a tara tan ɗaya da rabi a ɓangare guda. A gauraya daga ɗauri daban-daban, don launin gashi yana bambanta, in ba haka ba rufin zai fito dabbare-dabbare.

Yawancin garmid mai makulli daga dama zuwa hagu ake jera shi, daga ƙasa zuwa sama, amma ka duba gefen da makullin naka yake. Jera layin farko gaba ɗaya ba ɗauri, ka ga ya cika daga gefe zuwa gefe. Akwai ɗan wasa na milimita ɗaya ko biyu a kowace ƙwaya da za ka iya matsewa ko buɗewa. Ja igiya a jelarsu. Sannan ka buga layin alli daga baki zuwa doro bayan kowace ƙwaya huɗu ko biyar, ka riƙa bin sa. Wani samfurin gaɓarsa a miƙe take hawa, wani kuma sai an saɓa kamar ginin bulo, a fara layi na biyu da rabi. Ƙirar makullin ce ke nuna wanne ne. In ƙwaya tana rawa bayan ta zauna, ba a jera ta daidai ba, kada ka danne ta da ƙarfi.

A bayan garmid akwai ɗan kunne mai huda. Nan ake zura waya a ɗaure da sanda. Wayar ta zama farar da ba ta tsatsa; baƙar wayar ɗaurin rodi ba ta daɗewa a bakin teku. Layi biyu na baki, biyu na doro, da biyu na kowane gefe, a ɗaure kowace ƙwaya, domin iska daga gefe take fara ɗagawa. A tsakiya ana iya ɗaure ɗaya cikin uku a saɓe. A saman dogon bene, ko rumfar da iska ke shiga ta ƙarƙashinta, a ɗaure duka. In da sukuru ne, kada a matse har ƙarshe. Ƙarfe mai mita 6 yana ƙara kusan milimita 3 in zafinsa ya tashi da digiri 40, kuma garmid da aka shaƙe ba shi da inda zai motsa sai ya tsage.

In za ka taka, taka jelar garmid inda sanda ke ƙarƙashi, ba tsakiyarsa ba. Gara ma a shimfiɗa falanki.

Doro, kwari da jikin bango

Kusan duk yoyo daga waɗannan wurare uku yake. Murfin doro ana fara shi daga ƙarshen da iskar ruwa ba ta fitowa, don bakin kowane murfi ya juya wa iska baya. A jiƙa su sosai kafin a sa kwaɓi, in ba haka ba busasshen yumɓu zai tsotse ruwan siminti ya bar shi gari. Kwaɓin awo ɗaya na siminti ne da uku zuwa huɗu na yashi, a gefe biyu da wurin haɗuwa kawai. Kada a cika cikin murfin dam: nauyi ne, yana toshe iska, kuma shi ne ke fara tsagewa in ƙarfe ya motsa. A ƙara ɗaure kowane murfi da waya ko sukuru, a yi kwana uku ana yayyafa ruwa safe da yamma.

Kwari, inda gangara biyu suka haɗu ta ciki, a shimfiɗa masa farantin alminiyam ko farin kwano mai faɗin santimita 50 zuwa 60, a naɗe leɓensa sama, gaɓa ta hau gaɓa da 20. A yanka garmid a bar hanyar ruwa ta santimita 10 zuwa 15 a buɗe. Masu son kyau suna matse ta har ta kusa rufewa, rairayi da ganye su cika ta, ruwa ya haura gefe.

Inda rufi ya jingina da bango, a tsaga bangon da sarukh zurfin santimita 2, a tsayin 15 daga garmid, a cusa leɓen farantin ciki, ya sauko ya rufe garmid da 15, sannan a toshe tsagar. Silikon shi kaɗai da aka shafa a kusurwa ba gyara ba ne, ranar ƙasar nan tana busar da shi ya ɓare. Haka za a yi wa bututun na'urar sanyi da duk abin da ya huda rufin.

Lafiyar mai aiki

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, kuma a kan rufi zafin yana fara cutarwa tun kafin sha biyu. A fara bayan asuba, amma a Jidda a jira raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙen garmid santsi gare shi. A kafa sikala, wato dandamalin hawa gini, mai shinge, a ɗaura bel da igiya a doron ƙarfe, ba a sandar rataya ba. Wajen yanka a sa tabarau da abin rufe hanci, a riƙa zuba ruwa a bakin faifan. Ƙurar gasasshen yumɓu tana zama a huhu ba ta fita. A yi yankan a ƙasa, domin jar ƙurar in ta kwanta a rufi ta sha raɓa tana barin tabo.

Gwajin ƙarshe

A share rufin, a kwashe guntaye daga kwari da indararo. Mutum ɗaya ya hau da tiyo, ɗaya ya zauna a ciki da fitila. A fara daga layukan ƙasa, a yi kamar minti goma sha biyar, sannan a matsa sama kaɗan-kaɗan har doro. In aka fara daga sama, ruwa zai jiƙa ko'ina, ba za a gane inda ya shiga ba. A watsa ta gefe kuma, yadda iska ke yi, musamman a jikin bango da kwari. In ɗigo ya bayyana, ramin yana sama da inda aka gan shi, domin ruwa yana bin ƙarfe ya gangaro kafin ya faɗo. A ture ƙwayoyin layin sama, a kwance wayar, a zaro wadda ake zargi, a bi sawun jiƙar a kan azil har inda ta fara.